Gaisuwa daga Hambug

Mutumina, salamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya amarya? Shirun nan ya yi yawa, kai ba ka kira ba ni ma shiru, dama ina so in ji ko motar ta iso Kwatano.

Amma tsaya ka ji tukuna. Ranar Asabar ni da yaron maƙwabcina muka hau hasumiyar cocin nan da mutanen garin ke ce wa Michel, sunan Mala'ika Mika'ilu ne, ga mutum-mutuminsa ma a saman ƙofa ya take shaiɗan. Tsayinta mita 132, wajen tsayawa kallo kuma mita 106 sama da kogin Elbe. Akwai lifta amma yaron ya kafe sai dai matattakala, guda 452 fa, kai da kake haki a benen shagonka ko rabi ba za ka kai ba. A hanya muka wuce manyan ƙararrawa, agogon kuwa faɗinsa mita 8, duk Jamus babu agogon hasumiya da ya kai shi.

Muna fitowa sama iska ta buge mu sai da na dafe hulata. Kai mutumina, ga kogin Elbe a shimfiɗe, ga babban gidan kaɗe-kaɗen nan Elbphilharmonie yana ƙyalli, can ƙetare kuma tashar jiragen ruwa, kwantena jibge kala-kala, injinan ɗaga kaya suna ta aiki. Kullum muna lodi a titin Billstraße, firji, tayoyi, kayan gyara, ban taɓa ganin hanyar da suke bi su fita teku da idona ba sai ranar, wallahi na daɗe a tsaye ina tunanin gida.

Kuma cocin nan ya sha wuya, tsawa ta ƙone shi a 1750, gobara ta sake cinye shi a 1906 ana cikin gyara, suka mayar da shi yadda yake a 1912, yaƙin duniya na biyu ma bai ƙyale shi ba. Har yau, ban da ranar Lahadi, ƙarfe 10 na safe da 9 na dare akwai mai busa da ke buɗe taga ya busa gabas, yamma, kudu da arewa, kamar kakakin fada. In Allah ya kawo ka nan za mu fara zuwa, lifta zan sa ka.

Af, wai da gaske ne autanku ya kai kuɗin gaisuwa ba a gaya min ba? 'Yar wane gida ce? Ka ce masa ina nan ina jiran bayani. A gaida Hajiya da kyau.