Zuwa ga 'yata, kan jingar lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, ina fata kina lafiya, ya karatu? Gida kowa ƙalau, Ummanki na gaishe ki. Yayanki ya ce jingar lissafi na ba ki wahala, musamman indisis (ƙananan lambobin da ake rubutawa a saman wata lamba, kamar 3 a cikin 2³), har wasu 'yan ajinku sun koma kwafar amsa. Kada ki bi sahunsu, domin ranar WAEC daga ke sai abin da ke kanki.

Duk dokar da ta shige miki duhu, ki kwance ta da ƙananan lambobi har ki ga inda ta samo asali. 2³ ba 6 ba ce. Ƙaramar lambar nan ta sama tana gaya miki biyu nawa za ki jera ki ninka: 2 × 2 × 2, wato 8. To in aka ce 2³ × 2⁴ fa? Jera su. Ga biyu guda uku, ga kuma guda huɗu, sun zama bakwai ke nan, 2⁷. Ki gwada: 8 sau 16 ya ba da 128, kuma 2⁷ ma 128 ce. Dalilin tara lambobin sama ke nan. In rabawa ce sai a ɗebe, 2⁵ ÷ 2³ ta zama 2². Daga nan za ki gane abin da ke ba ɗalibai mamaki, wai 2⁰ daidai take da 1. Raba 2³ da 2³: takwas ce aka raba gida takwas, kowa ya sami ɗaya, a sama kuma an ɗebe uku daga uku, saura sifili. Sai dai ki kula, wannan duka sai lambar ƙasa ta zama iri ɗaya. A 2³ × 3² babu abin tarawa, 8 sau 9 ne, 72.

Akwai ramin da yara da yawa ke faɗawa, su rubuta (a + b)² = a² + b². Sa 3 da 4 ki gani. 7 sau 7 ya ba da 49, amma 9 da 16 sun tsaya a 25. Ina 24 ta shiga? Ita ce 2ab da aka manta.

Wannan 9 da 16 ɗin kuwa suna da gurbinsu. In kin dawo hutu ki tsaya wurin magina suna fitar da harsashi. Daga turken kusurwa sukan auna ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, su ja igiya tsakani. In ta ba da ƙafa 5 cif, kusurwar ta miƙe, digiri 90. Dokar Pythagoras da ke littafinki ce suke aiki da ita: 3² da 4², wato 9 da 16, sun ba da 25, wato 5².

Kada ki ɗauki aljabara, wato lissafin da ake yi da haruffa irin su a da b, baƙon ilimi. Malamin lissafi Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da zallar kalmomi ba x ba y, kuma kaso mai tsoka na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Namu ma, Muhammad al-Kashinawi, malami ne daga ƙasar Katsina da ya yi rubutu kan lissafi kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1741.

Ki riƙa rubuta kowane mataki a layinsa, don masu duba takarda na ba da maki a kan hanyar da aka bi. Inda kika maƙale ki nuna wa malaminki layin, kada kunya ta hana ki. Yayanki zai kawo miki kamfas da rula ranar ziyara. Ki ba shi tambayoyi uku da suka gagare ki, tare da aikin da kika yi a kansu, in duba.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa ƙwaƙwalwa.

Mahaifinki.