Furodusa ba mai kuɗi ba ne kawai, a duba tarihin Hal Roach

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, don Allah a ɗan sam min fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna game da harkar fim.

Malam Edita, in ka tambayi masu son kallo mene ne aikin furodusa, yawancinsu cewa za su yi ai shi ne mai kuɗin, shikenan, wai ya zuba jari ya koma gefe yana jiran riba. Ni kam wannan magana tana min ciwo, don shawarar da furodusa ke yankewa a ofis, wadda mai kallo ba zai taɓa gani a sikirin ba, ita ce ke sa aiki ya kai shekara 70 ana kallonsa ko kuma ya mutu a daren da aka nuna shi. Wa za a haɗa da wa, da me za a ɗauka, a ina za a nuna, kuma in an gama wa ke da mallakar aikin. Ban san wanda rayuwarsa ta nuna wannan ƙarara ba kamar wani Ba'amurke mai suna Hal Roach, mutumin da ya fara tun zamanin fim marar magana, ya kai har lokacin da talabijin ta shigo ta rikita komai.

An haife shi a 1892 a garin Elmira na jihar Niyok. Kafin ya san fim sai da ya yi yawon neman na kai har Alaska, a 1912 ya iso Holiwud ya shiga cikin irin mutanen nan da ake tarawa a bayan jarumi don fage ya cika, a biya su kuɗin yini su tafi. A nan ya haɗu da Harold Lloyd, wanda daga baya ya zama shahararren jarumin barkwanci, amma shi ma a lokacin ba kowa ba ne. Da Roach ya samu ɗan gado bai sayi gida ko mota ba, sai ya zuba shi a shirya gajerun finafinan barkwanci da abokin nasa, kafin ka ce me wajen 1920 har ya mallaki situdiyonsa a Culver City.

To ga inda nake so a lura. Stan Laurel da Oliver Hardy, siriri da mai ƙiban nan da duniya ta sani, kowannensu ya daɗe yana fim shi kaɗai ba tare da ya yi wani tashe na a zo a gani ba, a situdiyon Roach ne aka haɗa su a 1927, kuma da yawa suna ba darakta Leo McCarey yabon gano dacewarsu, amma wa ya tara irin waɗannan mutane a inuwa ɗaya, wa ya ba su lokaci su yi ta gwaji suna sake ɗauka har abin ya nuna? Fim ɗinsu na 1932, wanda suke ta fama da hauro da fiyano kan wata doguwar matakala yana suɓuce musu, ya ci kyautar Oska. Haka ma jerin finafinan yaran unguwa da ya fara a 1922, inda ya sa yara baƙaƙe da farare suna wasa tare a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfin doka a jihohi da dama na Amurka, duk da dai in ka kalla yau za ka ga wasu wuraren da raini ya fito fili, wannan ba a ɓoye shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da ya yi da magana ta shigo fim. Da can barkwancin bebaye ko'ina ka kai shi za a yi dariya, yanzu kuma ga Turanci ya tsaya a tsakani, kasuwar waje za ta tafi, kuma a lokacin ba a ƙware da ɗora murya ba. Sai Roach ya sa ake maimaita fim ɗaya da Sifaniyanci da Faransanci da Jamusanci, jaruman nan da ba su jin ko kalma ɗaya a rubuta musu maganar a allo yadda ake furta ta, a ajiye allon a bayan kyamara suna satar kallo suna karantawa, a canza ƙananan 'yan wasa da masu jin yaren, a sake ɗaukar sin ɗin daga farko. Wahala ce da kashe kuɗi, amma ya riƙe masu kallonsa na ƙasashen waje. Wannan fa aikin furodusa ne tsantsa.

Ba ina cewa waliyyi ba ne. A 1937 ya ƙulla kasuwancin fim da ɗan Musolini shugaban kama-karya na Italiya, aka yi masa ca har maganar ta rushe, kuma tabo ne da ya bi sunansa. Sannan ya riƙe Laurel da Hardy a kwantiragi daban-daban da ba sa ƙarewa lokaci ɗaya, don kar su haɗa kai su nemi ƙari ko su fice tare. Wannan wayo ne na ɗan kasuwa kuma ni ban ga adalci a ciki ba.

Lokacin yaƙin duniya na biyu sojan sama suka karɓi situdiyon haya suna shirya finafinan horaswa, har Ronald Reagan da ya zama shugaban ƙasa daga baya ya yi aiki a wurin. Aka gama yaƙi Roach ya dawo ya tarar kasuwa ta canza, ga bashi.

Yanzu sai mu zo kan talabijin, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. BBC ta fara watsa shiri a kai a kai daga Landan tun 1936, yaƙi ya dakatar da ita a 1939 sai 1946 ta dawo, amma a Amurka ne abin ya bazu kamar me. A 1950 gida 9 ne kacal cikin 100 ke da akwatin talabijin, zuwa 1960 sun kusa 90. Ana cikin haka kuma a 1948 kotun ƙoli ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen silimansu, ga masu zuwa kallo suna ta raguwa shekara bayan shekara. Me manyan suka yi? Suka ɗaure fuska, suka hana jarumansu fitowa a talabijin, suka ƙi sayar mata da finafinansu, a ganinsu wannan ɗan akwatin mai hoto dishi-dishi bai kai su kula shi ba. Shi kuwa Roach, yana da shekara 56, a wannan shekarar ta 1948 ya mayar da situdiyonsa wurin shirya wa talabijin shiri, ya buɗe ƙofa ga duk furodusan da ke son hayar zaure da kyamara da ma'aikata. Zuwa 1951 abin da ake ɗauka a wurin ya kai kusan awa 1,500 a shekara, ya ninka abin da Holiwud gaba ɗayanta ke fitarwa na dogayen finafinai. Kuma ba mamaki, don mutumin da ya kwashe shekaru yana fitar da barkwancin minti 20 cikin sauri da kuɗi kaɗan, shi ya fi kowa sanin yadda ake cika rabin awa duk mako. Sai a 1954 Walt Disney ya shiga da gidan talabijin na ABC don ya samu kuɗin gina filin shaƙatawarsa na Disneyland, kamfanin fim na Warner ya biyo a 1955, daga nan kowa ya sauko.

Ya kamata matasa su san yadda talabijin take a waɗannan shekarun, don ba kaset ba komai. Yawancin shirye-shirye kai tsaye ake yinsu daga Niyok, in jarumi ya manta maganarsa ko ƙofa ta ƙi buɗuwa ko inuwar makirfo ta leƙo, to duk ƙasa ta gani, babu a yanke a sake. Kamfanonin talla, na sigari da na sabulu, su ke sayen lokacin kuma su ke da ta cewa kan abin da za a nuna. In ana so a ajiye shiri sai a kafa kyamarar fim a gaban gilashin talabijin tana ɗaukar abin da ke wucewa, ana ce masa kineskof, hoton ya fito a dushe baƙin ya cushe farin ya yi yawa, kuma da irinsa mutanen Kalifoniya ke kallon shirin bayan kwanaki, don sai a watan Satumba na 1951 aka haɗa gabas da yamma da layi ɗaya.

A nan ne wani furodusan ya yi abin da har Roach bai kai ga cin moriyarsa haka ba, wato Desi Arnaz, ɗan asalin Kuba, mijin jaruma Lucille Ball. Da za su fara shirinsu na I Love Lucy a 1951, masu talla suka ce a zo Niyok a yi kai tsaye, don mafi yawan masu kallo a gabas suke kuma ba za su yarda a ba su dusasshen hoto ba. Arnaz da matarsa kuma ba sa son barin gidansu a Kalifoniya. Sai aka tsaya kan a ɗauka da ainihin fim mai faɗin milimita 35, kyamara uku a lokaci guda, ga 'yan kallo a zaune suna dariyarsu ta gaske, aka ɗauko Karl Freund tsohon gwanin kyamara da ya yi suna tun a Jamus ya tsara fitilu daga sama yadda duk kyamarorin za su samu haske daidai ba sai an tsaya ana gyara ba. CBS, tashar talabijin da za ta nuna shirin, ta ce ai wannan ya yi tsada. Arnaz ya ce a rage dala 1,000 a albashinsu duk mako, amma uwar fim ɗin, wato ainihin kwafin da aka ɗauka, ta zama tasu. CBS ta amince, don a lokacin wa yake tunanin za a sake kallon shirin da aka riga aka gani? Da matar ta samu juna biyu aka maimaita tsofaffin aka ga mutane sun zauna sun kalla, bayan 'yan shekaru CBS ɗin nan dai ta dawo ta saye su a kan sama da dala miliyan 4, su kuma a 1957 suka sayi situdiyon RKO, kamfanin da Lucille ta taɓa yi wa aiki tana ƙaramar 'yar wasa. Har yau ana kallon shirin tas, alhali dubban shirye-shiryen da aka yi a zamani ɗaya da shi babu ko alamarsu. Ko da kamfanin Ampex ya fito da kaset ɗin bidiyo a 1956 asarar ba ta tsaya ba, don kaset ɗin na da tsada, sai a goge a ɗora sabo, BBC kanta ta yi ta gogewa har zuwa shekarun 1970.

Su Laurel da Hardy kuwa, da aka fara nuna tsofaffin finafinansu a talabijin suka sake tashe a wajen yaran da ba a ma haife su ba lokacin da aka ɗauka, amma da yake albashi aka biya su tun farko, mallaka ba tasu ba ce, ba abin da ya shigo aljihunsu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu, kuma shi ya sa nake cewa alherin harkar nan da zaluncinta duk daga teburin furodusa suke fitowa.

Shi kansa Roach ƙarshen kamfaninsa bai yi daɗi ba. A 1955 ya sayar wa ɗansa, ɗan ya haɗa hannu da wani ɗan kasuwar hannun jari da daga baya kotu ta ɗaure, zuwa 1959 komai ya durƙushe, a 1963 aka rushe ginin situdiyon. Tsohon ya rayu ya ga duk wannan, ya karɓi Oska ta girmamawa a 1984, ya rasu a 1992 yana da shekara 100.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, shi ne shafinku na nishaɗi ya riƙa ware fili ko da sau ɗaya ne a wata ga masu shirya fim da tsofaffin furodusoshin talabijin, musamman waɗanda suka yi aiki tun ana yin komai kai tsaye, da yawansu sun tsufa kuma ba wanda ya zauna ya ɗauki maganarsu. Kuma in wakilinku ya je kar ya tsaya kan wane jarumi ne ya fi ba ka wahala, ya tambaye su yadda suka samo kuɗin shirinsu na farko, me kwantiraginsu ya ce, wa ke riƙe da uwar aikin yanzu, tana nan ko an goge, in tana nan a wane hali take. Masu shirya fim na yanzu da ke tunanin ko su kai aikinsu silima ko su saka a YouTube ko su sayar wa manhajojin kallo gaba ɗaya a biya su sau ɗaya, su ne za su fi kowa amfana da amsar.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karanta ku a kullum