Sanarwa ga ƴan rukuni: taifod da atini sun fara ƙin jin magani

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kemis da ma'aikatan lafiya. A ɗan dakata da tallace-tallace a karanta wannan.

Ƙwayar cutar taifod ta daɗe da daina jin Chloramphenicol, Ampicillin da Septrin a ƙasashe da yawa, shi ya sa aka koma Cipro. To, a shekarar 2016 wani nau'inta ya ɓulla a Hyderabad ta lardin Sindh a Pakistan, wanda ba ya jin Cipro, har allurar Ceftriaxone ma ba ta kashe shi. Cikin magungunan sha, Azithromycin kaɗai ya rage. Wannan ya sa Pakistan ta shigar da rigakafin taifod cikin allurar yara a 2019. Ƙwayar Shigella mai kawo atini ita ma ta fara bijire wa Cipro a Indiya da Bangaladash.

Abin da ya fi damuna shi ne halinmu a nan. Yaro ya yi gudawa sau biyu, sai a ɗauko masa Flagyl da Tetracycline, a ba shi na kwana ɗaya. Yawancin gudawar yara bairos ne ke kawo ta, waɗannan magunguna ba sa taɓa shi, sai dai su koya wa ƙwayoyin hanji juriya. Flagyl kuwa ba ya kashe ƙwayar taifod ko Shigella ko kaɗan.

Don Allah a fara da ORS (ruwan gishiri da sukari) da zinc na kwana 10 zuwa 14. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, a tura asibiti a yi gwajin noman ƙwayar cuta, kada a dogara da gwajin jini na Widal kaɗai.