Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kula da editan da muke rubuta kod da shi

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni mai rubuta manhaja ne a Kaduna, ina kuma koyar da yara kod a wani ɗan shago ta wajen Tudun Wada, da editanku muke aiki tunda kyauta ne kuma kod ɗinsa a buɗe yake kowa ya gani, wannan kam mun gode. Amma gaskiya abubuwan da kuke sa wa a gaba yanzu sun fara isar mu.

Duk afdet sai kun ƙaro wani abu, yau mataimakin AI gobe sabon launi, shi kuma editan sai ƙara nauyi yake. Kun gina shi kan Electron, wato Chromium, burauzar da aka gina Chrome a kanta, ce sukutum a cikinsa, alhali yawancin ɗalibaina kwamfuta ta hannu ce da su mai RAM gig 4, da ka buɗe shi tare da burauza sai fanka ta kama ihu, allo ya daskare, yaro ya zuba tagumi yana kallon batir na zurarewa ga shi ba wuta. Kuma afdet ɗin da kansa yake sauka ba ko sallama, bayan tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Wa zai biya, ku?

Git, manhajar adana tarihin kod da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ba ruwansa da netwok, za ka adana aikinka ka duba tarihinsa ka buɗe reshe na gwada sabon gyara duk ba intanet. To don me naku ko littafin bayaninsa ba ya buɗuwa sai da data? Haba.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne gyaran da mutane ke turo muku. Wajen bincike a editan ba ya gane ƙ da ɗ da ɓ idan an sa babban baƙi, wani ɗalibina ya zauna ya gano inda matsalar take ya gyara ya tura, har yau ba wanda ya ce masa ko sannu, yaron ma ya daina dubawa. Kun dai ga abin da ya faru da xz, manhajar nan ta matse fayil, a Maris 2024, mai kula da ita kusan shi kaɗai ne aiki ya yi masa yawa, wani ya lallaɓo da sunan taimako ya dasa ƙofar baya ta yin kutse cikin kwamfutoci, Allah ne ya sa aka gano da wuri. Kuɗin da kuke zubawa a talla ku ɗauki masu duba gyara da shi mana.

Dan Allah kafin wani sabon launi ku ba mu maɓallin kashe afdet, ku fitar da siga mara nauyi, sannan wani a cikinku ya amsa wa yaron nan ko da a'a ne.

Naku,
Wani malamin kod daga Kaduna