Wasiƙar godiya ga shagon gyaran amfilifaya na kusa da Zongo Lane

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga maigida da ma'aikatan ƙaramin shagon gyaran amfilifaya da lasifika da ke wani lungu kusa da Zongo Lane, a tsakiyar birnin Akra.

Ni makaɗin jitar bas ne, mazaunin Nima, kuma da wannan sana'a nake riƙe da iyalina: bikin aure a Mamobi, suna a Madina, wasan Sallah a Sabon Zongo, wani lokaci kuma kiɗan hailaif a otal-otal na bakin teku. Na ga ya dace in rubuta godiyata a fili inda abokan sana'a za su gani, domin mu makaɗa mun iya yayata wanda ya cuce mu, amma ba kasafai muke ambaton wanda ya kyautata mana ba. Maigidan, wanda kowa a wurin yake kira Masta, ya nemi kada in rubuta sunansa ko na shagonsa, na kuma mutunta hakan.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai yi mamakin a ce akwatin ƙarfe guda ya hana magidanci barci, don haka sai na ɗan yi bayani. Babbar tsirkiyar jitar bas mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa ne sau 41 kacal a daƙiƙa guda, mai tsirkiya biyar kuwa tana sauka har wajen 31. Kafin kunne ya ji sauti mai kauri irin wannan a fili, ƙarƙashin rumfa, cikin hayaniyar 'yan biki, dole lasifika ta tura iska mai yawa, kuma dole amfilifaya ta ja wuta mai yawa ba hutawa tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Shi ya sa kayan mai bas suke shan wahalar da kayan mai ƙaramar jita ba sa sha. Idan kuma bas ta ɗauke ana tsakiyar rawa, ko wanda bai san sunan kayan kiɗa ba zai ji cewa wani abu ya zube, mata su tsaya da liƙi, shugaban ƙungiya ya juyo ya zuba wa mutum ido.

Wannan kallon na daɗe ina shan sa. Amfilifayata takan fara lafiya lau, sai wasa ya yi nisa, jama'a sun cika fili, ta kunna jar fitila ta yi shiru, bayanta ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Idan ta huce sai ta dawo kamar ba abin da ya faru. Na zaga da ita shaguna daban-daban a cikin garin nan, kuma kowane mai gyara da nasa labarin. Wani ya ce taransistoci ne, ya canza, ya karɓi kuɗinsa. Wani ya ce laifin janareta ne, alhali ko a otal mai wutar gwamnati haka take yi. Wani kuma ya ajiye ta a ƙarƙashin tebur yana ce mini in dawo gobe, har sai da ƙura ta rufe ta na je na ɗauko abata ba a ko kwance ƙusa ɗaya ba. Babu ko ɗayansu da ya tambaye ni da wane akwatin lasifika nake amfani, kuma babu wanda ya kunna ta fiye da minti biyar kafin ya ce ta gyaru. A cikin wannan yawo na rasa ayyuka masu kyau, domin shugaban ƙungiya ba ya sake kiran wanda kayansa suka kunyata shi a gaban uwar amarya, ko da kuwa hannunsa ya fi na kowa.

Na zo shagonku ne a lokacin da sarakunan gargajiyar ƙabilar Ga suke hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda gabanin bikin Homowo, lokacin da kasuwarmu takan kwanta a cikin Akra. Gaskiya ban zo da wani kyakkyawan zato ba. Babban yaron Masta ne ya tarbe ni, saurayi mai sanyin magana wanda Hausarsa ta zango ce tsantsa, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Da ya gama sauraron bayanina bai taɓa amfilifayar ba, sai ya ce: "Yaya, ka koma ka kawo mini duk abin da kake haɗawa a wurin wasa, akwatunan biyu da wayoyin, har wayar wuta." Na ji haushin kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, amma na yi yadda ya ce.

Da kayan suka iso, akwatin da ke ɗauke da lasifika huɗu masu inci 10 ya fara nufa. A bayansa an rubuta om 8, om kuwa shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika take yi wa wuta. Ya sa mitarsa, allon ya nuna abin da bai kai om 2 ba. Ya kira ni in gani da idona, sannan ya kwance murfin ya nuna mini yadda aka ɗaura wayoyin. Asalin akwatin, lasifika huɗun kowace om 8 ce, ana haɗa su biyu-biyu a jere, sannan a haɗa jerin biyu gefe da gefe, jimilla ta koma om 8. Amma mai gyaran da ya taɓa canza mini lasifika ɗaya da ta yage, da ya zo mayar da wayoyin sai ya haɗa dukansu gefe da gefe, akwatin ya koma om 2 ba tare da ya gaya mini ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Idan na ƙara ɗaya akwatin mai inci 15, wanda shi ma om 8 ne, jimillar akwatunan biyu takan sauka zuwa om 1.6, alhali an rubuta ƙarara a bayanta cewa kada a sauka ƙasa da om 4. Gwargwadon raguwar om, gwargwadon yawan wutar da lasifika suke zuƙa daga gare ta. Ashe ɗaukewar da take yi ba lalacewa ba ce, na'urar kariyar da ke cikinta ce take kashe ta don kada ta ƙone.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko ƙaramin batir mai bolt 9 ya taɓa shi da wayar akwatin, ya ce in dubi takardun lasifikar. Uku suka yunƙuro gaba, ta huɗun, wato sabuwar da aka sa, ta koma baya. An juya wayoyinta ne, saboda haka duk lokacin da 'yan'uwanta suka tura iska ita sai ta janye, sautin bas ya yi rauni, ni kuma in ƙara murɗa ƙarar don a ji ni, zafi ya ƙaru a kan zafi. Da ya buɗe gidan fiyus kuma, sai ga siririyar wayar tagulla an nannaɗe a madadin fiyus, aikin wani daga cikin waɗanda na biya kuɗi. Ya ɗaga ta da ɗan hantsaki ya ce mini wannan ba ta tsinkewa sai bayan taransifoma ta gama ƙonewa. Ya kuma ware wata waya daga cikin jakata ya ce wayar jita ce, jijiyarta siririya, bai kamata ta shiga tsakanin amfilifaya da lasifika ba, ya maye ta da mai kauri mai kan Speakon da ake murɗawa ya kulle, wanda ba ya zarewa ko an taka shi.

Sauran aikin na yau da kullum ne: an mayar da wayoyin akwatin yadda suke tun asali, an share ƙurar hunturu da ta toshe fanka, an sabunta dalmar da girgizar hanya ta tsattsage, an canza kapasita biyu da suka kumbura. Abin da ya burge ni shi ne an haɗa ta da na'urar gwaji an bar ta tana aiki yini guda kafin a kira ni, an ba ni rasit mai ɗauke da kowane abu da farashinsa, an kuma zuba mini tsofaffin kayan da aka cire a leda. Tun daga ranar, damina ta wuce, bukukuwan ƙarshen shekara sun wuce, jar fitilar nan ba ta sake kamawa ba.

Akwai wata magana da ta shiga tsakanina da Masta wadda nake so abokan sana'a su ji. Na gaya masa ina tunanin sayar da wannan tsohuwar in sayi irin ƙananan nan na zamani, kuma akwai su a shagonsa, da na saya shi ne da riba. Ya ce in dakata. Bayaninsa shi ne kowane iri da nasa hali. Masu kwalba, wato masu aiki da kwalaben gilashi na lantarki a madadin taransista, irin Ampeg SVT da aka fito da ita a 1969 mai wat 300, sautinsu ba a magana, amma kanta kaɗai ya kusa kilo 40, kwalaben suna tsufa, kuma ramukan titi ba sa yi musu daɗi. Masu taransista da babbar taransifoma, irin tsofaffin Peavey da har yanzu ake gani a coci-coci da ɗakunan atisaye, suna da nauyi su ma, amma duk mai gyaran da ya san aikinsa zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya da kayan da ake samu a kasuwar nan. Na zamani da ake kira aji D kuwa, wasu ba su wuce kilo biyu ko uku ba, ba sa zafi sosai, kuma ga mai hawa trotro, wato ƙaramar motar haya, babu kamarsu, sai dai idan allon wutarsu ya mutu, galibi sai an canza allon gaba ɗaya, a jira a aiko da shi daga waje. Ya ce tawa tana da sauran shekaru a gaba, in ajiye kuɗina, idan kuma bayana ya gaji da ɗaukar nauyi, in zo mu zaɓi ƙaramar da za a iya samun kayanta. Ban saba jin mai shago ya hana ni kashe kuɗi a shagonsa ba, shi ya sa na tsaya ina kallonsa kamar ban fahimta ba.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan aiki ya zama abin mamaki, alhali shi ne ya kamata ya zama ƙa'ida. Yawancin kayanmu na hannu ne, masu shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma da yawansu an ƙera su ne don wutar Amurka mai bolt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Wasu suna da makunnin sauya wuta a baya, wasu sai an haɗa su da taransifomar rage wuta, amma mai sayarwa ba zai ce uffan ba, sai yaro ya kai gida ya jona ya ga hayaƙi, ya dawo a ce masa an riga an sayar. Ana liƙa wa akwati takarda mai cewa wat dubu kaza, alhali ƙarfin da zai iya jurewa na tsawon lokaci bai kai ko kusa ba, kuma wannan lambar ta gaskiya ita ce ba a rubutawa. Ana sayar da taransistocin jabu masu ɗauke da tambarin na asali, waɗanda suke aiki a kan tebur su mutu a filin biki. Ana haɗa akwatuna da katakon dusa da aka matse, a lulluɓe da kafet baƙi don kada a gane, ruwan sama ɗaya ya taɓa gindinsa ya kumbura ƙusoshi su saki, alhali filawud mai kyau yakan yi shekaru yana shan jifa a bayan mota. Ga iskar teku mai gishiri da take sa ramukan waya tsatsa ga duk mai yawan wasa a wajen Osu da Labadi, abin da ɗan tsaftacewa lokaci zuwa lokaci yake magancewa, amma ba wanda zai gaya maka, domin an fi son ka dawo da matsala babba.

Masu shirya biki ma suna da nasu kason. Shekarun dumso, musamman 2015, sun koya wa kowa a ƙasar nan abin da ɗaukewar wuta da dawowarta ba zato suke yi wa kayan lantarki, amma har yau za ka je wurin biki ka tarar da ƙaramin janareta guda an ɗora masa fitilu da firiza da fankoki da dukan kayan kiɗa, a kan doguwar waya siririya mai ɗauri a wurare uku, babu wayar ƙasa. Duk sanda firizar ta tashi sai wuta ta yi ƙasa, amfilifaya ta shaƙe, sautin ya fara tsagewa, kuma irin wannan tsagewar idan ta daɗe ana ƙara ƙarfi a kanta ita ce take dafa naɗin wayar da ke cikin lasifika. Idan mai ya ƙare kuma, sai a tayar da injin ba tare da an ce wa makaɗa su kashe kayansu ba. In abu ya ƙone, mai biki ba ya biya, mai janareta ya riga ya tafi. Babban yaron Masta ya ba ni shawarar in riƙa yawo da ƙaramar mita in auna wutar kafin in jona komai, in kuma zama na ƙarshen kunnawa kuma na farkon kashewa, ina kuwa bin wannan shawara ko da masu biki suna ganin ina ɓata musu lokaci.

Roƙona ga Masta shi ne ya ƙara ɗaukar yaran zango koyon aiki, daga Nima da Fadama da Ashaiman, domin masu sauraron irin bayanin da aka yi mini suna da yawa, masu iya yin sa kuwa ba su da yawa, kuma shago ɗaya ba zai ɗauki makaɗan Akra duka ba. Na riga na turo muku abokan aikina biyu, mai kiɗan kibod da wani mai bas daga Madina, sauran ma suna tafe, don haka sai ku ƙara haƙuri da mu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya sa wannan saurayi ya buɗe nasa shagon lafiya.

Wassalam,
Makaɗin jitar bas daga Nima, Akra.