Ba Duk Dutsen Da Ya Sa Na'ura Kuka Ne Arziki Ba

Assalamu alaikum, Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu, wadda direbobin Sakkwato ke tsallako mana da ita ta Illela zuwa nan Birnin Ƙonni, wani lokaci bayan ta kwana uku a gaban mota.

Makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ke zaune a wani ƙauye ta ɓangarenku, ya yi mini sammako da dutse ƙulle a leda kamar goron ɗaurin aure. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Kawu, duba mini wannan." Wai wasu mutane sun zo garinsu da wata 'yar na'ura, sun kanga ta a kan dutsen ta yi ƙara, suka ce yuraniyom ne, irin wanda ya sa Faransa ta kasa rabuwa da Nijar. Yanzu ana karo-karo don a yanko takardar izini, shi kuma yana shawarar sayar da shanun huɗarsa biyu ya shiga. Ya zo wurina ne domin ya san na ci ƙuruciyata a aikin haƙan bincike a arewa, tun daga 1979 da na hau bayan babbar mota daga Tawa zuwa Arlit, lokacin ana cikin shimfiɗa kwaltar da ake kira hanyar yuraniyom. Mu a nan iraniyom muke cewa, amma zan rubuta yadda kuka saba. Abin da na gaya masa a zaure shi nake son masu karatu su ji, don na san ba garinsu kaɗai ake wannan karo-karo ba.

Ni ba injiniya ba ne. Lebura na fara, ina ɗaukar bututu, daga baya aka ba ni aikin jera karot, wato dogon sandan dutse da injin foraj, mai huda ƙasa, ke yankowa daga ƙarƙashin ƙasa, ana shimfiɗa shi cikin akwatunan katako bisa zurfinsa. Wanda ya shekara goma yana wanke karot da buroshi yana rubuta mita a jikin akwati, dole ya koyi karatun dutse ko bai so ba.

Yuraniyom ba baƙo ba ne a ƙasa. Akwai ɗan ɓurɓushinsa a kusan kowane falalen dutse, har a ruwan teku. Abin da ke da wuya shi ne a same shi ya taru wuri guda. Na yankin Arlit asalinsa daga duwatsun Azbin ne da tokar aman wuta ta zamanin da. Ruwan da ke ɗauke da iska yana narkar da shi kamar yadda ruwa ke narkar da kanwa, ya tafi da shi cikin dutsen yashi, wanda shi ma tsohon gadon kogi ne da ya daskare shekaru miliyoyi da suka wuce. Yana tafe yana tafe, sai ya ci karo da wurin da babu iska, inda ruɓaɓɓen itace da ganye suka binne suka koma kamar gawayi. A nan ruwan ke sauke kayansa. Shi ya sa a wurin aiki ba mu damu da dutse mai sheƙi ba. Launi muke bi. Idan karot ya fito ja ko rawaya-rawaya, mun san ruwa ya wuce ta nan ya wanke. Idan ya fara komawa ruwan toka, da baƙaƙen zare-zare a ciki, sai ka ga masanin dutse ya ajiye kofin shayinsa ya taso. A bakin iyakar launukan nan biyu abin yake kwana. Ga kuma wata doguwar tsaga a ƙarƙashin ƙasa da ta miƙe daga arewa zuwa kudu ta gefen Arlit, wadda kusan duk manyan ma'adanan yankin suka jeru a kusa da ita.

To batun kukan na'ura fa? Na rataya irinta a kafaɗa na yi tafiyar ƙasa da ita har takalmina ya tsage. Ba yuraniyom take gani ba, tururin da ido ba ya gani take ji, kuma ba yuraniyom kaɗai ke fitar da shi ba. Akwai wani ma'adini da ake kira toriyom, shi ma yana sa ta kuka. Ku je Jos ku kanga ta a kan tarin yashin da aka bari bayan haƙar kuza, za ta yi ta ihu, alhali mafi yawan abin da ke ciki toriyom ne. Wani lokaci ma yuraniyom ɗin ya riga ya bi ruwa tun tuni, ya bar 'ya'yansa a wurin suna ƙara, kamar gidan da mai shi ya yi ƙaura ya bar kaji. Hatta jirgin sama da ke shawagi da babbar na'ura, abin da yake ji bai wuce kamu ɗaya na saman ƙasa ba. Ma'adanin Akuta kuwa, na kusa da Arlit, da aka fara haƙa a 1978, kusan mita 250 yake a ƙarƙashi. Babu abin da ke gaya maka gaskiyarsa sai rami: a huda, a zura na'ura cikin ramin, a fito da karot, a kai ɗakin awo. Sannan a sake hudawa can gaba, a yi ta matso da ramuka kusa da juna har a san tsawo da faɗi da kaurin abin. Mun taɓa yin wata huɗu a wani fako muna huda rami bayan rami saboda rami guda da ya ba da alama mai kyau, a ƙarshe aka naɗe tantuna aka tashi, abin bai kai faɗin filin ƙwallo ba.

Ko an samu ma, ba a gama ba. A Arlit, tan guda na dutse kan ba da kilo biyu zuwa uku ne na yuraniyom. Sai an niƙe shi, an jiƙa da asid, an tace a masana'anta, kafin a samu garin nan mai ruwan ɗorawa da ake zubawa a durom. A zamaninmu motoci ke kai shi Paraku, jirgin ƙasa ya kai Kwatano, jirgin ruwa ya wuce da shi Faransa. Kuma garin yuraniyom ɗin nan ba ya kunna ko fitila ɗaya a yadda yake, domin ɓangaren da ke ba da wuta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sai an ƙara tace shi a wasu ƙasashe 'yan ƙalilan. Zinariya ce talaka ke wankewa a kwano ya kai wa dillali a biya shi kafin la'asar. Yuraniyom ba shi da dillali a kasuwar ƙauye. Duk wanda ya ce ka kawo buhun dutse zai saya a matsayin yuraniyom, ko dai bai san abin da yake yi ba, ko ya san abin da yake yi da kai.

Malam Edita, a dubi Imuraren, wani ma'adanin yuraniyom a kudu da Arlit. An gano shi tun 1966, yana cikin mafi girma a duniya, amma abin da ke cikin tan guda bai kai kilo ɗaya ba. An ba da izinin haƙa a 2009, aka kawo manyan motoci, aka ɗauki ma'aikata, samari suka ci bashi suka yi aure. A 2014 aka dakatar, saboda farashi ya faɗi bayan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima na 2011 a Japan. A watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe izinin daga hannun Orano, kamfanin Faransa. Wuri ne da aka huda dubban ramuka, kowa ya yarda abin yana nan, amma fiye da shekara hamsin ba a sayar da komai daga cikinsa ba. Farashin laba ɗaya ta yuraniyom ya haura dala 130 a 2007, ya sauko ƙasa da dala 20 a 2016, ya sake tsallake dala 100 a farkon 2024. Azelik, inda Faransawa suka fara cin karo da yuraniyom a 1957 suna neman jan ƙarfe, 'yan Sin suka buɗe shi, bai jima ba aiki ya tsaya. Akuta kanta an rufe ta a ƙarshen Maris na 2021, abin ya ƙare. Muna kuma gasa da Kazakistan, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na duniya ba tare da ta fasa dutse ba, ruwan asid kawai take turawa ta rijiya ta zuƙo, da Kanada, inda wasu ramuka ke ba da fiye da kilo ɗari a tan guda.

Ba ina cewa babu komai a ɓangarenku ba ne. A 1979 Najeriya ta kafa kamfanin yuraniyom nata, aka yi bincike da haɗin gwiwar wani kamfanin Faransa a tsohuwar jihar Gongola da kewaye, aka sami alamu a Mika da Gumci da Gubrunde. Yawancinsu jijiyoyi ne cikin tsagar falalen dutse, ƙanana, abokin haɗin gwiwar ya janye, aikin ya mutu. Ƙasar Sakkwato kuwa, masana sun tabbatar wutsiyar kwari ɗaya ce da namu, kwarin Iwillimmeden, wanda na Arlit yake can kansa na arewa. Sai dai duwatsun da ke ɗauke da ma'adanin Arlit sun girmi na Sakkwato nesa ba kusa ba. Na Dange da Kalambaina, inda ake samun farar ƙasar siminti, jiya-jiya ne idan aka gwada su da waɗancan. A ganina na tsohon mai wanke karot, idan akwai inda ya cancanci a huda, to dutsen yashin Gundumi ne, wanda ke kwance kai tsaye a kan tsohon falalen dutse, da kuma na Bima a Gombe. Cancantar bincike na ce. Tsakanin wannan da sayar da shanu akwai tafiyar shekara ashirin da kuɗin da ƙaramar hukuma ba ta taɓa gani ba. Dokar ƙasashen nan biyu ma ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, izini a Abuja ko Yamai ake bayarwa, ba a tsakar kasuwa ba.

Akwai abin da ya fi wannan damuna, shi ne ainihin dalilin wasiƙar. Na koma aiki na ɗan lokaci wajen 2007, sa'ad da farashi ya tashi aka yi ta rabon izinin bincike. Wani ƙaramin kamfanin haƙa na yi wa aiki, ba zan kama suna ba. Da kuɗi suka ƙare musu suka tashi, sun bar ɗaruruwan akwatunan karot a fili. Bayan shekara biyu na bi ta wurin. Rana da gara sun cinye katakon, lambobin da na rubuta da hannuna sun goge, makiyaya sun kwashi karot ɗin sun yi murhu da shi. Takardun awon kuwa sun bi masu su a jirgi. Miliyoyin da aka kashe don sanin abin da ke ƙarƙashin wannan fako sun tashi a banza, gobe wani zai zo ya ce mana shi ya gano, mu tafa masa. Muna ta jayayya a rediyo kan wa ke da kaso nawa, gwamnati ta ƙwace Imuraren, ta mayar da Somair, kamfanin haƙa na Arlit, hannun ƙasa a 2025, amma ban ji ana maganar rumbun ajiyar karot ba, ko dokar da za ta hana kamfani fita sai ya ajiye kwafen duk abin da ya auna. Muna da makarantar ma'adinai a Agadas da wata a Yamai, kuna da sashen nazarin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello, har da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya tun 2004. Yaran nan a kan me za su koyi karatun ƙasarsu idan littafin yana waje?

Sai ruwa. Arlit da maƙwabciyarta Akokan ruwan da suke sha tsohon ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa wanda damina ba ta mayar da shi, kuma yana cikin duwatsun da ma'adanin ke ciki. Ramin bincike idan ba a toshe shi da siminti ba, yana iya haɗa ruwa mai kyau da marar kyau. A wancan kamfanin na ga an rufe bakin rami da dutse guda an wuce, ni ma da hannuna a ciki, Allah Ya yafe mana. Kayan aikinmu gida muke kai wa mata su wanke, da ƙurarsu da komai, babu wanda ya ce mana kada mu yi. Sai da mutane irin su Almustafa Alhasan da ƙungiyarsa ta Aghirin'man suka dage kafin duniya ta fara maganar ƙura da tarin sharar ma'adini da tsofaffin ƙarafan da ke yawo a kasuwa, har aka ba shi lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017. Ku ma kun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, daga niƙa dutse a tsakar gida. Saboda haka duk garin da aka zo da maganar bincike, abu na farko da mai gari zai nema shi ne a auna ruwan kowace rijiya kafin injin ya taɓa ƙasa, a rubuta, a bar masa kwafe a hannu. In ba haka ba, ranar da ruwa ya canza za a ce dama haka yake.

Dutsen ɗan ƙanwata na wanke shi, na duba shi a rana. Marmara ce mai tsatsar ƙarfe, irin wadda ake zubawa a hanya. Na ce masa ya koma ya tambayi mutanen lambar izininsu da sunan ofishin da ya ba su, ya kuma ce su nuna takardar ɗakin awo ko guda ɗaya. Ya bugo mini waya shekaranjiya, wai tun da ya yi tambayar ba a sake ganin motarsu ba, kuma mutum bakwai sun riga sun ba da kuɗi. Shanunsa suna nan, ya ce ɗayan ma ya fara ɗingishi, zai kai shi wurin malamin dabbobi ranar kasuwa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin haƙan bincike,
Birnin Ƙonni, Jamhuriyar Nijar.