A bar wa tsofaffin motoci ragar fitilarsu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni makanike ne a Damagaram, kuma raina na ɓaci in na ga samari sun sayi tsohuwar Peugeot 404 sun fizge ragar ƙarfen da ke kare fitilunta, wai ta fi kyau haka. Tun 1960 aka fara ƙera motar nan. Gilashin fitilarta yanzu da kyar ake samu, kuma tsakuwa ɗaya daga tayar babbar mota a hanyar Tanut ta isa ta farfasa shi.

Wanda ya nace sai ya cire, don Allah ya jiƙa sukurorin da suka yi tsatsa da mai su kwana, sannan ya kwance a hankali. Ɓamɓara da ƙarfi na lanƙwasa zoben fitilar. Ragar kuma a adana ta.

Naku,
Wani makanike, Zangon Damagaram